Busar da Yaya Isyaku Ya Ji Ta Bayan Katanga

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana Isyaku a nan birnin Alƙahira. Duk shekara idan lokacin ya zagayo nakan zauna in saurara ko zan ji wani abu ya motsa a ƙirjina, sai rana ta faɗi ban ji komai ba. Ranar da muka kai shi makwancinsa ma haka aka yi. Ɗalibanmu 'yan Arewa sun cika sahu, wasu Misirawa abokan aikinsa sun tsaya gefe suna share hawaye, ni kuwa ina ta tunanin ko na rufe tukunyar gas kafin in fito. Ba don a ce ina da dauriya na faɗi haka ba. Dauriya ta mai jin zafi ce.

Bana na ɗauki alƙalami ne saboda an zo an ɗora mini hukunci a madadinsa. Yaya ya bar wani kiɗa da ya rubuta, wanda har ya koma ga Mahaliccinsa ba a samu mai iya busa shi daga farko zuwa ƙarshe ba, kuma ya hana a taɓa masa ko ɗigo. Aka zo neman izinina a taɓa. Ni kaɗai ne nasa a ƙasar nan.

Ni ba mai zurfin karatu ba ne. Firamare na gama, sai ɗan abin da aka samu a allo. Tuƙi nake yi wa wani gida a unguwar Dokki, ina zaune da iyalina a unguwar Arba wa Nus. Saboda haka wanda ya san harkar kiɗan Turawa ya yi mini uzuri in na yi tuntuɓe. Abin da kunnena ya tsinta shi zan faɗa.

Mahaifinmu mai busa algaita ne a gidan hakimin garinmu, can ƙasar Zazzau, kuma gado ne. Yaya ne ɗan fari, amma da ciwon fuka aka haife shi. Tun yana ƙarami Baba ya ɗora kunne a ƙirjinsa ya ce, "Wannan ba na algaita ba ne, a kai shi boko." Ni da na biyo baya na zo da ƙirji irin na gidan, aka ba ni kara da ƙwaryar ruwa, aka ce in yi ta hura kumfa kada ya tsaya, ina jan iska ta hanci ina turawa da kumatu. Haka ake fara koyar da mu.

Da asuba ciwon Yaya ya fi tashi. Da asuba kuma, bayan an idar da salla, Baba ke fita bayan gida gindin ɗorawa yana gyara busa. Yaya na kwance a ɗakin Inna yana kokawa da numfashi, sauti na shigo masa ta bayan katanga, dogo, a miƙe, ba ya tsayawa. Shekaru da yawa bayan haka ya gaya mini cewa da wannan sautin ya riƙa rataye ransa. Yakan ce a zuciyarsa, muddin busar nan ba ta yanke ba, ni ma ba zan yanke ba. Kuma ba ta taɓa yankewa ba har gari ya waye, ƙirjinsa ya sake shi.

Karatun Larabci ne ya kawo shi Masar, amma kunnensa ya ja shi wata makarantar, inda ya koyi rubuta kiɗa a takarda kamar yadda ake rubuta magana. Da koyar da 'ya'yan masu hali kiɗan fiyano a unguwar Mohandessin yake ci. Bayan rasuwar Baba ya ɗauko ni. Kafin nan na riga na ajiye algaita. Na zauna gaban malamai, na ji abin da na ji, na tuba. Ban zo nan in yi jayayya da malamai ba, suna da hujjarsu, kuma har gobe ban sake sa algaita a baki ba. Sai dai ni na ƙara gishirin kaina a kan abin da suka faɗa. Ko hirar busa ba na yarda a yi da ni. Muna gida ɗaya, kwano ɗaya, amma da ya buɗe bakin kiɗa sai in tashi in ɗauki buta. Shi ya sa ya raɗa mini suna Ustazu, kuma da murmushi yake kira.

Abin da ya shafe shekaru yana rubutawa konsherto suke ce masa. Kiɗa ne mai tsawo inda mutum ɗaya ke tsayawa gaba da abin busarsa ko gogensa, taron makaɗa na zaune bayansa, yana faɗa suna amsawa. Yaya ya zaɓi obo. Obo wani siririn abin busa ne na baƙin itace mai maɓallan azurfa, kuma duk cikin kayan Turawa shi ne ɗan'uwan algaita, domin shi ma da 'yar tsagar kara mai baki biyu yake magana. Misirawa risha suke kiran wannan 'yar karan.

Akwai wani dattijo, Ustaz Magdi, gwanin obo, wanda ya yarda zai busa masa. Yakan zo gidanmu da yamma da 'yar jakarsa. Kafin ya yi ko "fi" sai ya jiƙa risha a ɗan kofin ruwa, ya fito da wuƙa ya kankare ta kaɗan, ya ɗaga ta ga haske, ya sake kankarewa. Wadda ta yi masa daɗi jiya yau ta ƙi, don iska ta bushe ko sanyi ya shigo. Yakan ce rabin ransa a fiƙar kara ya ƙare. Ina ɗakina da ƙofa a turare, ina cewa ba na saurare, amma kunnen ɗan mai algaita ba ya tuba.

Daga nan na fahimci rubuta wa obo kiɗa ba wasa ba ne. Muryarsa siririya ce, in ka sakar masa ƙahonni da manyan ganguna a lokaci guda sun binne shi, dole ka rage taron duk sanda zai yi magana. In ya sauka can ƙasa ba ya yarda a yi shi a hankali, sai ya yi gurnani ko ya ƙi fita. In ya hau sama sosai sai ya zama tsinke. Duk wannan Yaya ya kiyaye, Ustaz Magdi da kansa ya yaba kashi na farko da na ƙarshe. A kashin tsakiya, mai tafiyar hawainiya, aka samu matsala. A nan Yaya ya rubuta waƙa ɗaya doguwa, tun daga farkon kashin har ƙarshensa, bai bar wa mai busa ko ƙofar allura da zai huta ba.

Na tuna yammar da dattijon ya gwada iya ƙarfinsa. Ya faro da kyau. Can sai na ji sautin ya fara rawa, iska na tsiyaya ta gefen baki, sai kuma shiru, sai haki.

"Haram aleik, ya Ishaƙ," in ji shi, wato ka ji tsoron Allah, Isyaku. "Ni mutum ne, ba famfon taya ba."

Dattijon ya yi wa Yaya bayani a natse. Ramin risha ƙanƙane ne ƙwarai, iska kaɗan ke wucewa, saboda haka ba ƙarancin iska ke wahalar da mai obo ba, yawanta ne. Tsohuwar iska ke taruwa a ƙirji ta ruɓe, kai ya fara juyawa, dole ka fara zubar da ita kafin ka ja sabuwa. Ga kuma leɓe. Mai algaita cusa karan yake yi gaba ɗaya cikin baki, ya jingina leɓensa a ɗan faifai. Mai obo kuwa da leɓen yake riƙe da karan, yana matsawa yana sassautawa a kowane sauti. Leɓe nama ne, in bai huta ba mutuwa yake yi.

"Ubana yana yi," in ji Yaya.

"To a kawo mini ubanka in sumbaci hannunsa."

Sai na ji Yaya ya ɗaga murya. "Ustazu! Fito ka raba mu. Kai ka tsaya kusa da Baba. Ka taɓa jin ya yanke?"

Na leƙo, na dube su su biyu, na ce, "Yaya, ka san na bar wannan maganar." Na ja ƙofata na rufe.

Iyakar abin da na yi ke nan. Ban zage shi ba, ban yaga masa takarda ba. Amma gani ya kori ji, shi ji ya yi, ni kuwa na gani. Gaskiya ne Baba na juya numfashi, kumatunsa kamar gora biyu, yana iya daɗewa bai sauke ba. Sai dai busar asuba ba ta mutum ɗaya ba ce. Ƙanensa, Kawu Bawa, yana zagayowa ta hanyar gona ya tsaya bayansa. Karɓa-karɓa suke gyarawa saboda ranakun dogon biki. Idan Baba ya gaji sai ya ɗan ɗaga gwiwar hannu, Kawu ya shigo a kan sautin da ake riƙe da shi, a hankali, kamar ruwa na shiga ruwa, Baba ya zare nasa, ya tofar da yawu, ya huta, sannan ya karɓa. Gwanintar ita ce kada kowa ya gane. Kuma ƙa'idar gidanmu ce ba a faɗa wa wanda ba ya busa, ko da matarka ce, ko da ɗanka ne. Kirari na na gaba ne. Na baya ba shi da suna. In an gama Kawu ya tura algaitarsa cikin riga ya koma ta inda ya fito.

Na daɗe ina gaya wa kaina cewa wannan ƙa'idar ce ta ɗaure mini baki a ranar, wani lokaci kuma in ce tsoron Allah ne. Yanzu da furfura ta fito ba ni da wanda zan yi wa ƙarya. Ƙa'idar ta mutu tare da su Baba. Tsoron Allah kuwa bai hana mutum faɗa wa ɗan'uwansa gaskiyar da za ta sauke masa kaya ba. Wani ɗan ƙulli ne tun na yarinta: shi aka kai boko, ni aka ba ni ƙwaryar ruwa. Ya san abubuwa dubu da ban sani ba, ni na san ɗaya da bai sani ba, sai na riƙe abina. Bayan ranar ma mun ci abinci tare shekaru. Kullum ina cewa sai wata rana.

Ustaz Magdi ya roƙi Yaya ya buɗe 'yan wuraren hutu, ko ya miƙa wa masu goge waƙar na ɗan lokaci. Yaya ya ce in aka yanke ta ko aka sauya mata murya, ba ita ba ce. Aka bar maganar. Hayaƙin birnin nan da ƙurarsa suka ci gaba da cin ƙirjinsa, har wani lokacin sanyi ciwon ya tashi bai sake shi ba. Na haɗa takardunsa na zuba a akwati na tura ƙarƙashin gado.

A bana, wata Juma'a bayan la'asar, wata matashiya Bamisiriya ta yi sallama a gidana. Ta ce sunanta Salma, ɗalibar Ustaz Magdi ce, wanda yanzu haƙoransa sun zube ya daina busa. Shi ya ba ta kwafin kiɗan Yaya da ke hannunsa. Matata Hajara ta kawo mata shayi, ta dube ni ta gefen ido ta ce da Hausa, "To, Malam, yau ga kiɗa ya biyo ka har ɗaka. Sai a ɗauki buta."

Ban ɗauka ba. Na zauna.

Salma ta ce masu obo na yanzu da yawa sun koyi juya numfashi, ita ma ta iya. Ammu Harun take ce mini, wato Baffa Harun. "Amma Ammu Harun, ba iska ba ce matsalar. Leɓe ne. Na kai wajen da malamina bai kai ba, duk da haka kafin ƙarshe bakina ya zama ba nawa ba. Wallahi babu mai iya wannan shi kaɗai." Ta ce ta yi tunanin wata dabara. A cikin taron makaɗa akwai wani mai obo da ke zaune can tsakiya. In aka shirya, a 'yan wuraren da sauti ke tsayawa dogo, sai ya shigo a hankali ya karɓe ta, ita ta bar obo a baki kamar tana yi, leɓenta ya huta, sannan ta dawo. Ta ce aiki ne ja. Dole rishar su biyu ta fito daga kara ɗaya, hannu ɗaya ya fiƙe su, kuma su yi ta gwaji har muryoyinsu su zama ba a bambancewa. Waƙar ba za ta yanke ba, muryar ba za ta sauya ba. Sai dai ba abin da marigayi ya rubuta ba ne, shi mutum ɗaya ya rubuta. Malaminta ya sa ta yi alkawari ba za ta yi ba sai da yardar danginsa.

Na sunkuyar da kai har ta zaci fushi na yi, ta fara ba ni haƙuri, "ma'alish, ma'alish," tana tattara jaka. Na ce ta ba ni 'yan kwanaki.

A kwanakin nan na tambayi Yaya a zuciyata fiye da duk tambayar da na yi masa yana raye. Me zai ce in ya ga yarinyar da ba ta taɓa ganin algaita ba ta laluɓo sirrin gidanmu da leɓenta? Wani lokaci nakan gan shi yana dariyar nan tasa mai ƙarewa da tari, yana cewa, "Ashe tsoffin nan wayo suka yi mini!" Wani lokaci kuma in ga fuskarsa ta faɗi. Domin abin da ya riƙe yaron nan da asuba shi ne yardar da ya yi cewa akwai mutum ɗaya a duniya da numfashinsa ba ya ƙarewa, kuma ubansa ne. Wa ya sani, wataƙila ma ya daɗe yana zargi, shi ya sa ya kira ni gaban shaida. Ba ni da hanyar sani. Mai amsar na ƙasa, kuma ni na bar lokacin tambaya ya wuce.

Hajara ce ta gaji da jujjuyawata. Ta ce, "Malam, wanda ya mutu ya gama nasa. In ka hana, gara ce za ta busa shi a ƙarƙashin gado. In ka bari, ka saɓa masa. Zaɓi wanda za ka iya ɗauka, ka bar mu mu sha iska."

Na kira Salma na ce ta yi. Kuma na ba ta labarin gindin ɗorawa da Kawu Bawa, abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, har Hajara. Salma ta saurara har na kai aya. Can ta ce, "Subhanallah. Ashe daidai ya rubuta abin da ya ji. Masu busar ne kawai bai ƙirga daidai ba."

An yi shi a wani ƙaramin zaure na makarantar kiɗa, da yamma. Na yi ta kai-kawo a raina ko in je, daga baya na je, kuma ban nemi fatawar kowa ba, Allah ya yafe mini in kuskure ne. Kashi na farko ya wuce ina kallon takalman mutane. Da aka shiga na tsakiya taron ya yi ƙasa da murya, Salma ta ɗauko waƙar. Na san ta. Ba ita ce ta Baba sak ba, amma tafiyarta ce. Na rufe ido ina farautar wurin karɓa, don aikin da aka horar da kunnena a kai ke nan. Na kama ɗaya, inda sautin ya ɗan yi kauri kamar zare biyu sun haɗu. Sauran duk sun wuce ni. Waƙar ta tafi a miƙe har ta kai gida ba ta yanke ba.

Zan so in ce na yi kuka, amma ban yi ba. Sanyin na'ura na ji yana cin gwiwoyina. Mutane suka tashi suna tafi, Salma na sunkuyawa, leɓenta ya yi fari. Ustaz Magdi, da aka kawo a keken guragu, ya kama hannuna yana ta magana da dasashi, ban gane rabi ba.

Da zauren ya fara watsewa na hango ɗaya mai obon a kujerarsa, wani mai sanƙo, yana zura ƙyalle cikin abin busarsa yana tsane ruwa. Babu kowa kusa da shi. Na ratsa kujeru na je na ba shi hannu, na ce Allah ya saka. Ya waiga baya ko da wani nake.

"Ni? Ai ban yi komai ba, ya Hajj."

Na ce na sani, haka ake so.

In aka tambaye ni yau me ya rage na Yaya Isyaku, ba shi da ɗa, ba shi da gida, ko hotonsa mai kyau ba ni da shi. Ɗalibansa na fiyano sun girma sun watse. Abin da ya rage kiɗa ne wanda mutum ɗaya ba ya iya ɗauka, kuma yanzu an san yadda ake ɗaukarsa. Shi ya ɗauki nasa shi kaɗai har leɓensa ya mutu, alhali wanda aka haifa don ya tsaya bayansa yana ɗaki na kusa da ƙofa a rufe. Wannan ba ya gyaruwa, kuma ban rubuta don a ce mini ba komai ba.

Abin da zan iya kaɗan ne, shi ne in karya ƙa'idar gidanmu a gaban jama'a. Allah ya jiƙan Yaya Isyaku, ya yalwata masa numfashin da bai samu a nan ba. Allah ya jiƙan Baba. Allah ya jiƙan Bawa ɗan Audu, mai algaita, wanda ya riƙe rabin busar da ta riƙe ran yaron nan har gari ya waye, kuma ba a taɓa kiran sunansa ba sai yau.